Hunturu a tsohon gidan zango: ina za a toshe, ina za a bari?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya ce ga masu sana'ar hannu da ke cikin nan. Gidan gado ne a Aboabo cikin Kumasi, ɗaki da falo, tsohuwarmu ce a ciki. Ginin ƙasa ne da aka yi wa filasta da siminti, rufin kwano. Falon yana da silin filawud, uwar ɗakin babu. Tagogi luba ne, wato masu jerin gilasai da ake buɗewa da rufewa, ƙofa ta katako. Tunda hunturu ya shigo, da asuba cikin ɗakin da waje duk ɗaya, ƙura kuma ko an share da dare a wayi gari ta kwanta a kan komai. Daga ina za a fara? Kuɗin hannu ba su da yawa.

Injiniya:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka sayi komai tukuna, fara gano ta inda iskar ke shiga. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. A nan Kumasi idan ka fuskanci alƙibla, tana bugo ka ta gaba, ɗan hagu kaɗan. Bangon da ke kallon wannan wajen shi ne farkon aiki.

Da safe kafin a yi shara, duba ƙasa. Inda iska ke kutsowa ƙura takan zana kanta: a bakin ƙofa za ka ga ta bazu daga tsagar zuwa ciki, a kan dakalin taga kuma layi-layi daidai da tsakanin gilasai. Da dare ka rufe komai, ka kashe fanka, ka kunna turaren tsinke ka bi gefen firam da shi a hankali. Inda hayaƙin ya karkata ya kwanta, sa alama da alli. Wani kuma ya tsaya waje da tocila ya bi gefen ƙofa, kai kana ciki a duhu.

Ga lissafin da mutane ba sa yi. Tsaga ta santimita 2 a ƙarƙashin ƙofa mai faɗin santimita 80 ta kai murabba'in santimita 160, wato huji ne mai kusan 13 a kowane gefe. Da a tsakiyar bango yake, da tuni an kira birkila.

Masta Kafinta, Sokoban:
Abin da Injiniya ya ce haka ne. Bari in ɗauki ƙofa, ita ce mafi arha.

Katako yana shan laima da damina ya kumbura, hunturu ya tsotse shi ya tsuke. Tsukewar a faɗi take, ba a tsawo ba, shi ya sa ƙofar da aka jera da falankai take buɗe tsaga tsakaninsu a Janairu. Katakon da ake kira wawa ya fi wanda ake kira odum saurin lalacewa, kuma yawancin ƙofofin ɗakunan haya na katakon wawa ne. Kuskuren da ake yi shi ne a ƙara katako a cike tsagar tam yanzu. Ruwan Afrilu na sauka ƙofar ta ƙi rufuwa, a zo a fere ta, hunturu mai zuwa tsagar ta fi ta da. Bar milimita 3 tsakanin ƙofa da firam, ka cike da abin da ke matsuwa ya dawo.

Fara da hinji. Ɗaga ƙofar ta wajen mariƙi. Idan ta yi wasa, sukurorin sun saki. Cire su ɗaya-ɗaya, cusa tsinken ashana da farin gam a ramin, bari ya bushe, ka mayar da sukuru mai ɗan tsawo fiye da na da. Sau da yawa rabin tsagar sama daga nan take rufewa.

Sai soso mai gam a baya, wanda ake sayarwa a naɗe a shagunan kayan gini na Adum. Yana da kauri kala-kala, kada ka saya da ka. Murza ɗan kwaɓin fulawa ka sa a leda, ɗora a bakin firam, rufe ƙofa, buɗe, ka auna kaurin da ya koma. Yi haka sama, tsakiya da ƙasa, don tsohuwar ƙofa ba ta zama daidai. Idan soson ya yi kauri, makulli ba zai kama ba, hinji kuma zai sha wahala. Kafin ka liƙa, goge wurin da tsumma mai ɗan sifirit ya bushe. Gam ba ya kama ƙura, wannan ne dalilin da ya sa na mutane ke faɗowa cikin mako.

Ƙasan ƙofa kuma, yanko robar tsohon tib na mota, faɗin santimita 5, tsawon ƙofar. Danne ta da siririn katako ka ɗaure da sukuru kowane santimita 15, robar ta leƙo ƙasa ta shafi daɓe kawai. Buɗe ƙofar har ƙarshe kafin ka ƙara ɗaurewa, don tsohon daɓe yana da tudu, inda ya fi tsayi nan za ka auna.

Ɗan Magazin:
Masta, a ƙara da wannan: robar gefen ƙofar mota da ake cirewa a Suame Magazine, unguwar makanikai, ta fi soson shago daɗewa nesa ba kusa ba. Mai rami a ciki za a nema, a kafe ta da ƙananan ƙusoshi.

Masta Kafinta, Sokoban:
Tana da kyau idan tsagar ta kai milimita 6 ko fiye. Ƙasa da haka ta yi kauri.

Birkila Asawase:
Ni dai da za a ji tawa, a ɗaga dokin ƙofa da siminti, a huta da zancen roba.

Hajiya Nas:
Malam Birkila, tsohuwa ce a ɗakin, tana fita alwala da asuba cikin duhu. Dokin ƙofa mai tsayi tuntuɓe ne, karayar ƙugu a wannan shekarun kuwa ba ƙaramin abu ba ce. Idan dole ne, kada ya wuce santimita 2, a kuma kwantar da bakinsa.

Birkila Asawase:
Na karɓa Hajiya. To bari in yi maganar bango, don ginin ƙasa da aka shafe da siminti yana da halinsa.

Bangon kansa ba shi ne matsala ba. Ƙasa mai kauri tana shan zafin rana ta riƙe, ta sake shi cikin dare, ta fi bulon inci 5 nesa. Matsalar tana inda abu biyu suka haɗu: firam da bango, bango da silin, da inda filasta ta rabu da ƙasar. Ƙwanƙwasa da bayan cokalin gini. Inda ya yi ƙarar fanko, ta saki. Sare wanda ya saki, share garin, yayyafa ruwa kaɗan, kada ka jiƙe bangon ƙasa sharkaf. Ramin mai zurfi a cike shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa irin ta ginin, sannan a bi da filasta mara ƙarfi, awo 1 na siminti, 6 na yashi. Masu zuba siminti da yawa wai don ya yi ƙwari su ne facinsu ke ɓallowa gaba ɗaya, domin ƙasa tana motsi, siminti mai ƙarfi ba ya bin ta.

A hunturu filasta tana bushewa kafin ta kama. Yi aikin da yamma, ka riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma na aƙalla kwana 3, in da hali har 7. In ba haka ba za ta yi tsatstsage, ka murza da yatsa ta zube.

Tsagar da ta tashi daga kusurwar taga ta yi gicciye, ko wadda ta wuce milimita 5 kuma tana ƙaruwa, wannan ba zancen iska ba ne, zancen tushen gini ne. A duba kwata da inda ruwan wanka ke bi.

Mai Gilashi, Alabar:
Luba an yi ta ne don iska ta wuce, babu yadda za ka yi ta rufe kamar tagar turawa. Amma ana rage ta sosai. A ce gilashi 8 ne a layi, kowanne tsawon santimita 76, tsakaninsu milimita 2: ya haura murabba'in santimita 100 a layi ɗaya, taga mai layi biyu ta fi ƙasan ƙofar da Injiniya ya lissafa.

Cire gilasan, ka jera su yadda suke. Wanke firam da buroshi, ɗiga mai kaɗan a kowace mahaɗa da mariƙin, ka goge ragowar, don mai da ƙura idan sun haɗu sukan daskare. Bakin ƙarfen da ke riƙe gilashi yakan buɗe da tsufa. Matse shi a hankali da filaya, gilashi na waje, kada ka matse yana ciki. Gilashin da aka taɓa canzawa da guntu ko siriri a fitar da shi, a yanko daidai, don shi ke hana sauran kwanciya. Sama da ƙasa, inda gilashin farko da na ƙarshe ba su taɓa komai ba, a buga siririn katako da soso su jingina da shi. Idan mariƙin ba ya kullewa har ƙarshe, firam ɗin ya gama aiki, canza shi ya fi.

Tagar da ke kallon iska kuwa, mafi sauƙi a rufe ta da leda mai kauri daga waje, a kan ragar sauro, a danne gefe huɗu da siririn katako da sukuru. Ban ce ƙusa ba, saboda a ƙarshen Fabrairu za ka so cire ta. Selotef ba ya kwana biyu a rana.

Injiniya:
Tsakanin firam da bango kada a sa silikon mai warin tsami, ba ya zama lafiya a kan siminti, fenti kuma ba ya kama shi. A nemi na akirilik. Kwalba mai mililita 300 tana yin kusan mita 12 idan tsagar milimita 5 ce faɗi da zurfi. Mai zurfi a fara cusa igiyar soso, a bar milimita 5 a sama. Kumfar gwangwani mai kumbura kuma a cika sulusin ramin kawai, a ɗan fesa ruwa tukuna. Idan aka cika ta tana iya tanƙwara firam, rana kuma tana cinye ta in ba a rufe da filasta ko fenti ba.

Amma Ɗan Aboabo, babbar ɓarakar ɗakin nan tana sama. Kwano ba ya riƙe komai. Da dare, iska a bushe, yana sakin zafinsa sama har ya fi iskar waje sanyi. Iskar ɗaki mai ɗumi tana tashi ta same shi, ta fice ta tsakanin kwano da kan bango, sai sanyi ya shigo ta ƙasan ƙofa ya maye gurbinta. Shi ya sa ko asubar Kumasi ta sauka ƙasa da digiri 20 kaɗan, mai kwana ƙarƙashin kwano tsirara yake jin ta fi haka. Idan kuɗin abu ɗaya ne kawai ke akwai, silin za a yi. Shi ne kuma zai yi mata amfani a zafin Maris, wanda ya fi wannan sanyin daɗewa da wahalarwa.

Masta Kafinta, Sokoban:
Ɗaki ƙafa 12 da 12 yana cin filawud 5 na ƙafa 4 da 8, da ragowa. Katakon 2 da 2 a jera kowace ƙafa 2, in aka wuce haka filawud mai kwatan inci zai yi ciki. A shafa wa katakon maganin gara a waje, ya sha iska warin ya fita kafin a ɗora, ba bayan an ɗora a kan tsohuwa ba. Mahaɗar alluna a rufe da siririn katako, gefen bango ma haka. A bar ƙofar shiga sama, santimita 60 da 60, da soso a bakinta. Kafin duk wannan a hau a duba kwanon: ramin ƙusa ɗaya mai yoyo ya isa ya ruɓar da allo a damina guda.

Baba Mai Gida:
Yarana, garin katako fa? Yana nan tuli a Sokoban kusan kyauta. A shimfiɗa a kan silin, ba zai riƙe ɗumi ba?

Mai Wayarin:
Zai riƙe, Baba, amma a yi haƙuri a bar shi. Gara da ɓera za su tare a ciki, yana shan laima ya yi nauyi, kuma wayoyin tsofaffin gidajen zango a saman silin suke, wasu da haɗin selotef. Waya ta yi zafi cikin garin katako, wuta za ta ci a ɓoye, sai ta kama rafta a sani. Farin soson kwali shi ma yana ci, da baƙin hayaƙi. Audugar gilashi mai kaurin milimita 50 ba ta ci da wuta. Mai shimfiɗa ta ya sa safar hannu, takunkumi da riga mai dogon hannu. Waya ta bi samanta ko cikin bututu, kada a binne ta, kada kuma a rufe kan fitilar da ke cikin silin. Dokar wayarin ta 2011, mai lamba L.I. 2008, ta ce mai lasisin Hukumar Makamashi ne zai yi aikin wuta a gida. Tunda za a buɗe sama, lokacin duba wayar ke nan.

Injiniya:
Ƙari biyu. Takardar alminiyam da ake sa wa ƙarƙashin kwano maganin zafin rana ce, kuma sai da sarari na aƙalla santimita 2.5 a gaban fuskarta mai ƙyalli. In ta manne da kwano ko ƙura ta rufe ta, aikinta ya ragu. Na biyu, bayan an yi silin kada a toshe tsakanin kwano da bango da siminti. A sa raga ta hana jemage da ɓera, iska ta riƙa ratsa saman, in ba haka ba raɓar da ke taruwa a cikin kwano za ta ɗiga kan allo. Wanda kuma tsohon silin ɗinsa ko rufinsa na asbesto ne, toka-toka mai kama da siminti, kada ya yanka, kada ya huda, kada ya goge da sanfefa. Ƙurarsa tana jawo cutar huhu da kansa bayan shekaru.

Baba Mai Gida:
To ni duk wannan kashe kuɗi ne. Tun muna yara kurfoti, murhun gawayi, ake shiga da shi ɗaki. A bari gawayin ya yi ja a waje, hayaƙi ya ƙare, sannan a shigo da shi. Haka iyayenmu suka yi.

Hajiya Nas:
Baba, Allah ya ƙara girma, a nan kam ba zan bi ka ba. Abin da ke kisa a gawayi ba hayaƙin da ido ke gani ba ne. Iska ce, kabon monoksaid, ba launi ba wari, kuma garwashin da ya yi ja yana ci gaba da fitar da ita. Tana kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kamawa sau sama da 200. Mai barci ba ya farkawa ya ji wani abu, barcin ne ke ƙara nauyi. Ɗakunan da kuka taso a ciki iska na ratsa su ta ko'ina, ita ta riƙa fitar da gubar. Yanzu kuwa muna koya wa yaron nan ya toshe ƙofa, ya rufe taga da leda, ya yi silin. Ɗakin da aka yi wa haka, kurfoti ɗaya ya isa. Janareto a baranda kusa da taga ma haka ne.

Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, kuma sukan kama duk 'yan ɗakin lokaci guda, su lafa in an fita waje. Aka ga haka a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da mutum, a kira 112 ko a wuce asibiti, Manhyia ko Komfo Anokye, ko da ya ce ya warware. A gaya wa likita an kwana da gawayi, don kada a ɗauka zazzaɓin sauro ne.

Baba Mai Gida:
To 'yata, na ji. Amma idan an hana wuta, da me tsohuwa za ta ji ɗumi?

Hajiya Nas:
A ɗumama jikin, ba ɗakin ba. Hula, safa, riga biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Katifa ta bar daɓe, ko tabarma biyu a ƙarƙashinta, a janye ta daga bangon taga. Gorar ruwan ɗumi a naɗe da zane a sa wajen ƙafa, amma mai ciwon suga a kula, ƙafarsa ba ta jin ƙuna. Man kaɗe a jiki da leɓe. Ruwan alwala a ɗumama a waje a zuba a filas tun dare.

Mai Wayarin:
Masu tunanin hita: mai wat 2000 a wutarmu ta 230 tana jan kusan amfiya 9, awa 5 ta cinye yunit 10 a mita. Soket na bango kai tsaye, ba eksitenshan na kasuwa ba, mita 1 tsakaninta da labule ko katifa, a kashe kafin barci. A taɓa fulogin bayan rabin awa. In ya yi zafi, soket ɗin ya saki.

Ɗan Aboabo:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Abin da ya ɗaure mini kai: Masta ya ce a toshe, Hajiya ta ce toshewa na da haɗari. Ina iyakar?

Injiniya:
Toshe ƙasa da ɓangaren iska, ka bar sama a ɓangaren da ke bayanta. Tagar kudu ko yamma kada a sa mata leda. Gilasai biyu na sama su kwana a ɗan buɗe. Idan akwai bulo mai huji a saman bango, na arewa da gabas a rufe da allon da ake cirewa, na ɗaya gefen a bar shi da raga. Iska za ta canza a hankali sama da kan mai barci ba tare da ta bi ta jikinsa ba. In aka wayi gari gilashi yana gumi daga ciki, ko ɗakin yana warin mutane, an toshe da yawa, a ƙara buɗewa.

Hajiya Nas:
Yawan masu kwana ma a duba. Ɗakin mutum ɗaya daban, na mutum shida daban. Tarin fuka da sanƙarau cunkoso da rashin iska suke so, kuma rani ne lokacin sanƙarau a arewa, ga baƙi na zuwa mana daga can kullum. Da hantsi, idan ƙura ta lafa, a buɗe komai na ɗan lokaci. Shara kuma da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya tayar da ƙurar kawai take yi. Maganin sauro na hayaƙi kada ya kwana a rufaffen ɗaki, gidan sauro ya fi.

Mai AC, Nima:
Gaisuwa daga Accra. Mu sanyinmu bai kai naku ba, amma duk abin da aka faɗa shi ne aikin da ake yi wa ɗakin AC, sai dai a can sanyi ake hana fita. Abu ɗaya da ban ga an ambata ba: inda ake girki da gas, ba a toshe ƙasan ƙofa. Gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, in ya zube ƙasa yake kwanciya, ta nan zai fita. Ramin da bututun AC ya ratsa bango kuma a duba, yawanci a buɗe ake barin sa.

Baba Mai Gida:
'Yan haya da ke karantawa, soso da labule da leda ba sai kun tambayi kowa ba. Amma silin, fasa bango ko canza firam, ku zauna da mai gida tukuna, a rubuta wa zai biya da ko za a cire daga kuɗin haya. Irin wannan ne ke kai mutane ofishin Rent Control, inda ake sasanta rikicin haya.

Masta Kafinta, Sokoban:
Labule da Baba ya ambata, shi ma da ƙa'ida. Ya wuce taga da santimita 15 kowane gefe, ya sauka ƙasa da dakalinta, ya kusanci bango. Wanda ke rataye nesa da bango, iska mai sanyi ta bayansa take gangarowa ta fito ta ƙasa. Tsohon bargo da aka ɗinka wa zane a fuska ya wadatar.

Ɗan Aboabo, wannan makon ka yi hinji, roba, soso da leda, ba za su ci kuɗi ba. Ka auna tsawo da faɗin uwar ɗakin daga ciki, da tsayin bango har inda rafta ta zauna, ka ɗauki hoton kwanon daga ƙasa da rana don a ga ramukan ƙusa, ka turo nan a lissafa maka katako.

Ɗan Aboabo:
In sha Allahu gobe bayan azahar zan turo. Tagar gabas guda biyu ce, ta kudu ɗaya. Ledar kowace iri zan ce a ba ni?

Mai Gilashi, Alabar:
Fara mai kauri wadda haske ke ratsawa, irin ta shimfiɗa ƙarƙashin kankare, ba baƙa ba. Ka ƙara santimita 10 a kowane gefe, ka naɗe bakin sau biyu a jikin katakon kafin ka ɗaure, in ba haka ba iska za ta yage ta daga wajen sukuru.